Neman kalma: me za mu kira fayil irin sqlite3.dll?

Salamu alaikum, masu kishin harshe da masu harkar kwamfuta. Wani ƙanena ya turo mini hoton allon kwamfutarsa, ya ci karo da wani fayil mai suna sqlite3.dll, bai san wanda ya ajiye shi ba. Ya ce, "Yaya, bairos ne? In goge?" Na kama yi masa bayani, sai kalma ɗaya ta cije mini. Turawa suna kiran irin wannan fayil library, harafin ƙarshe na dll ma daga nan ya fito. Mu fa, me za mu ce?

Laburare muna da ita, amma ba ta dace da nan ba. Kana faɗinta mai sauraro zai hango ɗaki cike da littattafai da mutane suna karatu shiru. Ɗakin karatu kuwa ya fi ta nisa da abin da ake nufi.

Bari mu fara duba aikin abin kafin a raɗa masa suna. Fayil ne mai ɗauke da ayyukan da wani ya riga ya rubuta. Ba ya tashi da kansa. Ko ka danna shi sau biyu ba zai buɗe kamar manhaja ba. Sai wata manhaja ta zo ta ɗauko aikin da take buƙata a cikinsa, ta yi amfani da shi. Shi wannan na ƙanena, na SQLite ne, injin rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, ya kuma bar shi kyauta ga kowa. Yana cikin wayoyin Android da iPhone. Firefox da Chrome da shi suke ajiye tarihin shafukan da ka ziyarta. Windows 10 ma tana zuwa da nata, winsqlite3.dll, a foldar System32.

Wasu abokan aiki sun ba ni shawarar taska, wasu kundi. Taska tana da daɗi a baki, sai dai ajiya take nunawa, kuma ajiya aikin rumbun bayanai ne. In muka ce "taskar rumbun bayanai" mun faɗi abu ɗaya sau biyu, mai karatu zai zaci nan bayanansa suke. Wannan kuskure ne mai illa: bayanan suna wani fayil dabam, shi dll ɗin kayan aikin buɗe su ne kawai. Kundi kuma abin karantawa ne, ba abin aiki ba.

Ni kalmar da na tsaya a kanta ita ce ma'ara. Daga "ara". Yadda karanta ta ba mu makaranta, rina ta ba mu marina, haka ara za ta ba mu ma'ara: wurin da ake zuwa aro. Na san za a ce tana kama da jam'in ma'ari. Gaskiya ne, amma haka ma'aikata take: mutanen da wurin aikinsu duka rubutu ɗaya ne, karin sauti da jimla ke raba su, kuma ba mu taɓa rikicewa ba. Don haka sqlite3.dll ma'arar rumbun bayanai ce.

Abin da ya sa nake ƙaunar kalmar nan ya wuce kyawun gininta. Ita da kanta take koya wa mutum tambayar da zai yi. Da na ce wa ƙanena "ma'ara ce", nan take ya ce, "To wa ke aro?" Wallahi wannan ita ce tambayar.

Ga dalili. Akwai mugayen manhajoji masu satar kalmomin sirri, irin su Raccoon da Vidar, waɗanda kan sauko da sqlite3.dll na ainihi, lafiyayye, ba a canza masa ko harafi ba, don su karanta abin da burauza ta ajiye. Ka kai wannan fayil ko'ina a duba, za a ce maka kalau yake. Kuma kalau ɗin yake. Ma'arar ba ta da laifi, mai aron ne ɓarawo. Wanda ke kallon abin a matsayin "fayil" kawai zai tsaya a nan hankalinsa ya kwanta.

Saboda haka na ce masa ya fara da wurin da take zaune. In tana cikin foldar manhajar da shi ya saka da hannunsa, wannan al'ada ce. In kuwa tana Temp, foldar fayilolin wucin gadi, ko wata folda mai suna barkatai, kusa da wani exe (fayil ɗin da ke tayar da manhaja) da bai sani ba, to a bincika wannan exe ɗin. Sannan ya buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta tasklist /m sqlite3.dll, zai ga sunayen manhajojin da ke aro daga gare ta a wannan lokacin.

Akwai kuma ma'arar jabu. Windows kan fara neman dll a foldar manhajar da ta nema, shi ya sa ɓarayi kan ajiye mugun fayil da sunan na kirki a gefen manhaja ta gari, ita kuwa ta ɗauka ba ta sani ba. Suna kaɗai ba shaida ba ne. A nan zanen yatsan fayil ke amfani: umarnin Get-FileHash a PowerShell, wata tagar rubuta umarni ta Windows, zai ba ka SHA-256, haruffa da lambobi 64, waɗanda ke canzawa gaba ɗaya in an taɓa fayil ɗin ko kaɗan. Ka liƙa su a VirusTotal, shafin intanet na duba fayiloli. Yana gwada fayil da injinan riga-kafi wajen 70. In ɗaya ko biyu suka yi kuka yana iya zama kuskurensu. In da yawa ne, kada ka yi gardama. Kuma don Allah kada ka loda fayil ɗin bayananka a can, domin abin da aka loda masu bincike na iya samunsa.

A Properties, tagar da ke nuna bayanin fayil a Windows, ana iya ganin ko kamfani ya sa hannu a fayil ɗin. In akwai, kuma ingantacce ne, madalla. Rashinsa ba hukunci ba ne, ma'aru da yawa na kirki ba su da shi.

Na ƙanena dai ya fito lafiya: wata manhajar shirya hotuna da ya saka ce mai aron. Da ya goge, da ita ce za ta daina buɗewa.

Kun ga na riga na yi jam'i da ma'aru, bisa makarantu da ma'aikatu. Malaman nahawu, in akwai gyara a nan, ko wata kalma da ta fi wannan riƙe ma'anar aro, ina saurare.