Kwamfutata ce, don me za ta riƙa tambayata kalmar sirri?

Mai Gyara: Salamu alaikum. Wallahi Linux ya raina mu. Kwamfutar nan da kuɗina na saye ta, ni na sa mata Ubuntu 24.04, ni kaɗai ke taɓa ta. Amma in zan buɗe GParted, manhajar tsara faifai, in gyara filashin kwastoma, sai kalmar sirri. Synaptic, manhajar saka manhajoji, ma haka. Na saka NOPASSWD a cikin sudoers, fayil ɗin dokokin sudo (umarnin da ke ba da cikakken iko a kan na'ura), sudo ya daina tambaya, amma 'yar tagar nan ba ta fasa fitowa ba. Wanda ya san yadda ake kashe ta ya faɗa mini, ban da wa'azi.

Ɗan Arch: Wa alaikumus salam. Gyara zancenka tukuna, Malam. Ba Linux ne ya raina ka ba. Linux ƙwayar tsarin ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ba ta san wata taga ba. Ka ɗauko Ubuntu da aka dafa maka aka zuba maka a kwano, sannan ka zo kana zagin Linux.

Dattijo: Yaro, kai ma da sauranka. GNU/Linux ake cewa. Richard Stallman ya sanar da aikin GNU tun 1983, shekara 8 kafin Linus. Ku yaran yanzu ba ku ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Ɗan Arch: Baba, da girmanka, wa ke faɗin haka a kasuwa? Android ma ƙwayar Linux gare shi. GNU/Android za mu ce?

Dattijo: Ai ka kawo hujjata da bakinka. Android ba shi da kayan GNU, shi ya sa ba a ce masa haka. Ubuntu kuwa yana da su.

Na Windows: Ku ci gaba. Mu tun Windows Vista, in kai ne mai kwamfuta, tambaya ɗaya za ta fito ka danna ka wuce. Ku ko sunan abinku kun kasa daidaitawa a kai.

Ɗan Arch: Wa ya sako wannan cikin zauren nan?

Maman Biyu: Ƙanena Mai Gyara, bar su. Ƙofa biyu ce daban. Ta sudo ita ka buɗe, amma tagar da ke fito maka ta polkit ce, tsarin da ke ba manhajoji izini, kuma polkit bai karanta sudoers. Da can gksu ke wannan aikin, an cire shi tun Ubuntu 18.04, yanzu GParted ta pkexec, umarnin polkit, yake tashi. Ka ƙirƙiri fayil mai suna 49-gparted.rules a cikin /etc/polkit-1/rules.d/ ka rubuta wannan:

polkit.addRule(function(action, subject) {
if (action.id == "org.gnome.gparted" && subject.isInGroup("sudo")) {
return polkit.Result.YES;
}
});

Na Synaptic kuma com.ubuntu.pkexec.synaptic ne. Masu 22.04 kada su kwafa, nasu tsohon polkit ne mai fayilolin .pkla. Sannan don Allah ka tsaya kan manhajar da kake buƙata. In ka cire sharaɗin action.id, duk abin da ya tashi da sunanka ya samu wannan ikon. NOPASSWD ɗin nan ma, in na duka ka saka, ka mayar da shi yadda yake, kuma da visudo, umarnin gyara sudoers.

Ɗan Arch: Anti, a namu Linux ɗin, Arch, rukunin wheel ne, ba sudo ba.

Maman Biyu: Ubuntu ya ce. Ka karanta kafin ka yi magana.

Na Windows: Kun gani? Sai ka rubuta JavaScript kafin ka goge filashi.

Mai Gyara: Ni fa har yanzu ban ga wanda ya ce mini ba raini ba ne. Shago nawa, na'ura tawa.

Dattijo: Shagon naka ba yara ke shiga ba? Ka fita salla ka bar ta a buɗe, yaron shago ya zaɓi sda, faifan kwamfutar, a maimakon sdb, filashin, aikin mutane ya tafi.

Mai Gyara: Baba, ka taɓa zuwa shagona? Yarana sun fi wasu manya hankali.

Dattijo: Da wa kake?

Mai Gyara: Ban kama suna ba.

Ɗan Arch: Kalmar sirrin ma me ta tsare? A Janairun 2022 kamfanin Qualys ya fallasa PwnKit, ɓaraka a cikin pkexec ɗin kansa tun 2009. Sama da shekara 12 duk mai asusu a na'urar zai iya zama root, mai cikakken iko, ba tare da ita ba.

Maman Biyu: An toshe ta. Kuma ba Ubuntu kaɗai ta shafa ba, har Arch ɗinka.

Ɗan Arch: Mu mun riga kowa samun gyara.

Maman Biyu: Kawo shaida.

Ɗan Arch: Kowa ya sani.

Na Windows: Raspberry Pi OS ya daɗe yana barin mai asusun farko ya yi sudo ba kalmar sirri, ban ji duniya ta tashi ba.

Dattijo: Kai kuma ina ruwanka da GNU/Linux?

Ɗan Arch: Linux, Baba.

Dattijo: Ba zan sake kula ka ba.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, na rufe maganar. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, Baba Dattijo ya yi gaskiya kan suna, kuma masu Arch su koyi ladabi da manya. Na biyu, wanda ke tallar Windows a nan, wannan ne gargaɗinsa na ƙarshe. Na uku, Hajiya ta kawo wani rubutu mai tsawo, mai sha'awa ya koma sama ya duba, ni dai ina ganin wahala ce. Maganar gaskiya, da Mai Gyara ya bi shawarar da nake bayarwa kullum ya koma Linux Mint, da hankalinsa ya fi kwanciya.

Maman Biyu: Ranka ya daɗe, Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi. Tagar nan dai ita ce za ta fito masa.

Shugaban Zaure: Hajiya, na ce an rufe.