Keken ɗinkin kakata ya ƙi juyawa, wa ya san kan tsofaffin Singer dan Allah?

Jikar Hajiya:
Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah taimako nake nema. Bayan rasuwar kakata (Allah ya jiƙanta) da aka zo rabon kaya a gidanmu na Yakasai babu wanda ya kalli keken ɗinkinta, yana ƙuryar ɗaki an ɗora masa tsofaffin kwanuka, ni na ce a bar min. Baƙi ne mai zanen ruwan gwal, na ƙafa, nauyi kamar me, mutum biyu suka kinkima shi zuwa adaidaita. An rubuta Singer a jiki amma wani tela a layinmu ya ce ai duk Butterfly ne ake musu fenti a manna suna. Ya fi shekara 20 ba a taɓa shi ba, kan baya juyawa ko kaɗan, bel ɗin ya tsinke, ƙoshiyar (gidan zaren ƙasa) ma babu. Jiya wani ɗan gwangwan ya ganshi a soro ya ce zai ba ni dubu 15 wlh har na fara tunani. Yaya zan gane na asali ne, kuma zai gyaru? A ƙasa ta hannun dama akwai lamba ta fara da EG.

Abban Khalifa:
Kar ki sake ki sayar!! Irin waɗannan ne ake cewa akwai jan makyuri a ciki, wani abokina ya ce miliyoyi ake saye. Ki kara wayarki kusa da allurar in sabis ya ɗauke to kin warke hajiya.

Tsohon Tela, Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta.

Abban Khalifa dan girman Allah ka bar wannan zancen. A 2009 aka yi wannan haukan a Saudiyya, mutane suka dinga bin tsofaffin Singer suna zuba kuɗi, har da wannan gwajin wayar da ka faɗa, ƙarshe kowa ya tashi da ƙarfe a hannu. Babu wani makyuri ja ko fari a cikin keke, zunzurutun ƙarfen zubi ne, ni na kwance su ba adadi ban taɓa ganin komai ba sai busasshen mai da gashin zare, wani lokacin da ƙwan kyankyaso.

To 'yata, lambar nan da kika faɗa ita ce takardar haihuwarsa. A da Singer suna da babbar masana'anta a wani gari Clydebank kusa da Gilasgo a Sikotland, daga can yawancin kekunan da suka shigo ƙasar nan zamanin Turawa suka fito, sai 1980 aka rufe ta. Kekunan can ne ake ƙara wa harafin K, ki ji ana cewa 15K ko 66K ko 201K. A shekarun da ke gab da 1935 lambarsu da Y take farawa, daga 1935 suka koma haruffa biyu, EA, EB, EC haka dai suna tafiya, to EG ta faɗo wajajen 1950 zuwa 1951. Ki samu tsumma ki ɗiga man keke ki goge tambarin tagullar nan da ke jikin ginshiƙin ta dama, in kika ga shuɗin zobe kewaye da shi an rubuta 1851 da 1951 to na bikin cikar kamfanin shekara 100 ne. In lambar a buge take cikin ƙarfe ba manne ba, ki manta da maganar telan layinku, duk da ban ga laifinsa ba dan gaskiya ana yin abin da ya faɗa, kuma akwai sababbin baƙaƙe 'yan Chaina da Indiya masu ɗauke da sunan Singer ɗin ma.

Gane samfurin ba wuya. Ki duba inda ake ɗaure zaren sama, 'yan faya-fayan nan biyu masu sifirin. In suna gefen hagu a fuskar keken suna kallon waje to 15 ne, shi ne uban su Butterfly gaba ɗaya, shi 'yan Japan suka kwafa bayan yaƙin duniya na biyu, 'yan Shangai ma suka kwafa, shi ya sa kamar ta yi yawa. In kuma suna gaba suna kallonki, kwarkwaron zaren ƙasa kuma a kwance ake jefa shi ta sama, to 66 ne ko 201. Tunda kin ce ƙoshiya ta ɓata ina kyautata zaton 15 ne.

Yanzu gyara, kuma nan ne mutane ke kashe keke da hannunsu. Ba abin da ya lalace a ciki, tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro ya haɗu da ƙurar hunturu ta shekara ashirin. Kar ki sa ƙarfi ki murɗa, kar ki bari wani ya zo da guduma. Kananzir za ki samu a sirinji ki ɗiɗɗiga a duk ramukan da ke saman kan, ki kwance marfin fuska da zagayayyen marfin baya ki ɗiga a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ki kwantar da kan baya ki yi wa na ƙasa haka, sai ki ajiye shi a rana ya ɗan ɗumama. Gobe ki ɗan girgiza wilin gaba da baya a hankali, ki ƙara kananzir, jibi ma haka. Wani kwana biyu yake saki wani sai sati. Ranar da ya saki ki yi ta juya shi har baƙin ruwan ya gama fita, ki goge, sannan ki bi da farin man keke ɗigo ɗaya a kowane rami, dan kananzir wanki yake ba ya zama a madadin mai.

Man gyaɗa haram a keke, haka man ja, haka baƙin man mota. Na sha karɓar keken da aka ɗura wa man gyaɗa, wata uku yana tafiya lafiya daga nan ya daskare, warin ma kaɗai ya ishe ka.

Sai zanen gwal ɗin. Wani siririn banish ne a kansa, sifirit ko sanitiza suna narkar da shi nan take, ruwa da omo kuma su mayar da gwal ɗin fari fat, kuma in ya tafi ya tafi kenan. Man keke da auduga kawai, a hankali kamar kina shafa wa jariri. Masu cewa a kai a fesa masa sabon fenti ya yi kyau, ni dai da keke mai fenti gara mai tabon shekarunsa.

Maman Nana:
Hhhh Abban Khalifa ni da na kara wayata a nawa tun ɗazu sabis ko gezau. Baba Tela Allah ya ƙara lafiya mun ƙaru. Amma a daina raina Butterfly dan Allah, nawa na kayan ɗakina ne kuma da shi na yi wa yara huɗu kayan makaranta, in an ɗauke wuta masu na lantarki suna hamma ni ina taka abina. 'Yar uwa bel kam ba matsala duk masu kayan keke suna da shi, na fata za ki ce, ki yanka daidai ki huda ki maƙale da 'yar wayar da ke zuwa da shi, kar ki ɗaure tamau zai miki nauyi a ƙafa. Kawai kar sunan ya ruɗe ki ki nufi Kasuwar Singa, can sai dai ki dawo da taliya da sukari.

Jikar Hajiya:
Na dawo da labari! Baba wlh kamar kana gani, shuɗin zoben yana nan, 1851 da 1951, da na goge ya fito sai da na yi ƙwalla dan babana ma ba a haife shi ba lokacin. Kwana huɗu ina kananzir, ran na biyar ina taɓa wilin sai ji na yi ya tafi suu ba ko ƙara. A 'yar durowar kuma na tsinci tsohon almakashinta da alli. Faya-fayan suna hagu kamar yadda ka ce. Amma ga sabuwar matsala, na sayo ƙoshiya a Sabon Gari ta ƙi zama sai faɗowa take, da na danna ta da hannu kuma allura ba ta ɗauko zaren ƙasa. Maman Nana ce ta nuna min ta waya yadda take sa allura a nata na bi daidai.

Tsohon Tela, Fagge:
Madalla, kin yi haƙuri kuma ya biya ki. Ki duba min abu ɗaya, wajen da ake saita tsawon ɗinki ta dama, zagayayyen faranti ne mai lambobi da ɗan hannu da in kin ɗaga shi sama keken ke ɗinki da baya? In haka ne naki 15K88 ne, kuma shi a nan ya saɓa da Butterfly. Ƙoshiyar Butterfly ɗan yatsanta yana nuna ƙarfe 1 na agogo, ta naki tana nuna ƙarfe 11, dan haka wadda kika sayo ba za ta taɓa zama ba ko za ki kwana kina dannawa. Allurar ma a juye take, a na Maman Nana shafaffen gefen yana kallon dama a zura zare daga hagu, a naki shafaffen gefen hagu zai kalla ki zura zare daga dama zuwa hagu. Allurar ita dai irin ta gida ce da ake sayarwa ko'ina, lamba 14 ta ishe ki atamfa, 16 in yadi mai kauri ne, kar dai a ba ki mai zagayayyen gindi ta keken indastiriyal.

Ƙoshiya mai ƙarfe 11 tana ɗan wuya a shagunan sababbin kaya, wajen tsofaffin masu gyara za ki nema, irin masu gwangwanin tarkace a ƙarƙashin benci. Kafin nan ki zazzage durowar nan da kyau har ƙasan tebur, tsofaffi ba sa yar da abu, ba mamaki tana ƙulle a wani ƙyalle. In ba ki gani ba ki yi magana zan duba nawa tarkacen, ina jin akwai guda biyu, ɗaya dai sifirin ɗinta ya gaji.

Abban Khalifa:
To shikenan na janye maganar makyuri. Baba namu na gida lambarsa da Y ta fara kuma kwarkwaronsa dogo ne siriri kamar harsashi, shi kuma wane iri ne? Hajiyarmu ta ɗora masa talabijin.