Muhawara: Shin barin sabuwar laftop a jone da wuta yana kashe batir?

Malamar makaranta: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi sabuwar laftop ƙirar Lenovo, irin siraran nan da batirinsu ke ciki ba ya ciruwa. Mai shagon ya ce kada in kunna ta sai ta yi awa takwas a caji, da zarar ta cika in zare caja, kuma in riƙa barinta ta mutu murus kafin in sake jonawa. Ƙanena ya ce duk tsohon zance ne. Kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne, don Allah masu sani ku raba mana gardama.

Kawu mai shagon buga takardu: Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙe maganar mai shago. Tun zamanin laftop masu nauyi nake wannan sana'a, duk wadda aka bari dare da rana a soket batirinta ba ya kai labari. Yanzu haka akwai ɗaya a shagona, batirin ya kumbura har ya ɗago wurin da ake jan linzami da yatsa, murfin ƙasa ya buɗe baki ta gefe. Kullum a jone take. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Injiniya mai gyara: Kawu, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, muna karɓar irinsu a shago. Amma magana uku aka cuɗa wa Malama wuri ɗaya, gara a raba su.

Zancen awa takwas da na barin batir ya mutu, gadon tsofaffin batura ne na nikel da kadmiyam. Su ne aka sani da cewa idan ana yawan yi musu caji kafin su ƙare, sai ƙarfinsu ya riƙa faɗuwa da wuri. Na laftop ɗin Malama na litiyam ne, irin da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma ba shi da wannan halin. Daga masana'anta yake zuwa da ɗan caji a cikinsa. Ki jona, ki kunna, ki ci gaba da aikinki yana cika. Barinsa ya kai sifili kullum shi ne ma yake gajiyar da shi. Idan kuma ya cika, akwai na'urar da ke tsayar da cajin da kanta, laftop ta koma shan wuta kai tsaye daga caja.

Kawu mai shagon buga takardu: To in har tana tsayar da cajin da kanta, me ya kumbura tawa?

Injiniya mai gyara: Kawu, a ina take zama?

Kawu mai shagon buga takardu: A kan tebur mai shimfiɗar leda, kusa da injin fotokwafi. Shagon rufin kwano ne.

Injiniya mai gyara: To ga amsar nan. Abu biyu ne suke haɗuwa su cinye batirin litiyam: ya daɗe a cike taf, sannan ga zafi. Idan yana kan kashi 100, sinadaran cikinsa suna cikin matsi mafi girma, zafi kuma yana hanzarta lalacewarsu. Suna lalacewa suna fitar da iska, batirin siririyar laftop kuwa cikin 'yar jaka mai laushi yake, ba cikin gwangwani ba, sai jakar ta kumbura. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da MacBook inda zafin ɗaki bai wuce digiri 35 ba. A Kano ko Sakkwato, watan Afrilu zafin waje kansa yana haura 40, balle ƙarƙashin kwano kusa da injin da ke huci. Don Allah Kawu a daina jona wannan laftop ɗin, kada a danna kumburin, kada a soke shi da komai. A kai a canza batirin, yana iya kamawa da wuta.

Kawu mai shagon buga takardu: Zan kai. Amma ka ga ai ka dawo kan maganata, ka ce daɗewa a cike yana cutarwa. Ashe a zare caja ke nan.

Anti mai tace bidiyo: A nan ne ban yarda ba Kawu. Ana ta zancen batir an manta abin da aka sayi laftop ɗin dominsa. Yawancin laftop masu Windows suna rage gudu da zarar an zare caja, don su tattala wuta. Ni da nake tace bidiyon biki, bambancin a fili yake: a jone aiki yana tafiya sumul, a kan batir hoto ya riƙa tsayawa. Sannan kowane batir yana da iyakar zagayen caji. Apple ya ƙayyade wa sababbin MacBook zagaye 1000. Wanda ke zare caja ya sha batir ya sake cikawa alhali ga wuta a bango, zagayen nan yake ƙonawa a banza.

Injiniya mai gyara: Shi ya sa kamfanonin suka sa mafita a cikin na'urar, sai dai masu saye ba sa buɗewa. Malama, nemi manhajar Lenovo Vantage, a sashen batir akwai Conservation Mode, ki kunna shi. Zai tsayar da caji kafin ya cika, laftop ta ci gaba da aiki da wutar bango. Masu ASUS su duba MyASUS, za su iya zaɓar 80 ko 60. Yawancin na Dell da na ofis ƙirar HP, a cikin BIOS, wato shafin saiti da ake shiga lokacin kunna laftop kafin Windows ta buɗe, ake samun saitin. MacBook kuwa tana lura da yadda kake aiki, ta riƙa jinkirta cikawa da kanta. Da wannan an samu gudun da Anti ke so, an kuma kauce wa abin da Kawu ke tsoro.

Ɗalibi daga hostel: Oga Injiniya, da girmamawa, wannan shawarar masu wuta ce. Mu da ake kawo mana wuta ɗan lokaci a ɗauke, kashi 20 ɗin da za ka ce in bari shi ne zai kai ni ƙarshen aikin da zan miƙa da safe. Me zan yi da batirin da zai daɗe shekaru amma ya mutu mini tsakiyar dare ana gobe jarrabawa? Ni dai duk lokacin da na ga wuta sai ta cika taf.

Anti mai tace bidiyo: Ɗalibin nan yana da hujja.

Injiniya mai gyara: Yana da ita, kuma ka ci gaba da cikawa. Illar tana cikin daɗewa a kan 100, kwanaki da makonni. Kai da za a ɗauke wuta ka fara sha nan take, naka ba ya zama a cike. Taƙaita caji na mai sola ne, ko mai inbata, ko ofishin da janareto ke aiki yini guda. Abin da ya fi damuna da ɗalibai shi ne katifa. Siririyar laftop 'yar ƙaramar fanka gare ta, ƙofofin iskarta a ƙasa suke ko a bayan allo. Ka ɗora ta kan bargo, ka toshe su, furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftop, ta doshi digiri 100, sai ta rage gudun kanta don kada ta ƙone. Kai kana ganin laftop ta yi nauyi, batir kuma yana gasuwa a gefenta. Ko faranti ne mai faɗi ka sa a ƙarƙashi, ka ɗan ɗaga bayanta. Bayan hazon hunturu kuma a kai a hure mata ƙura.

Malamar makaranta: Na kunna laftop ɗin ɗazu. Amma fanka sai ƙara take, ƙasan ya yi ɗumi, alhali ban buɗe komai ba. Ko matsala gare ta?

Anti mai tace bidiyo: A'a Malama, haka suke yi ranar farko. Windows ce ke sauko da sabuntawa tana jera fayiloli. Ki bar ta a jone ta gama, ki sake kunna ta duk lokacin da ta nema, kada ki yanke mata hukunci sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In data ta yi tsada, ki nemi inda ke da wayfai. Daga nan ki goge manhajojin gwaji da aka cuso, musamman riga-kafin bairos na ɗan lokaci, tunda Windows tana da nata. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager zai buɗe, a nan ki kashe abubuwan da ke tashi da kansu lokacin kunnawa. Sannan a saitin wuta ki zaɓi mafi gudu idan tana jone.

Kawu mai shagon buga takardu: Na ji bayananku, amma ni dai ba zan kwana da caja a soket ba. Kuma sau ɗaya a wata sai na bar batir ya sauka ƙasa.

Injiniya mai gyara: Na farkon ina bayanka ɗari bisa ɗari Kawu, sai dai dalilin daban ne. Cajar laftop tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da tsawa a damina. Na biyun kuwa ba ya ƙara wa batir lafiya. Amfaninsa kawai ya daidaita ma'aunin da ke nuna kashi, idan ka ga laftop tana mutuwa alhali tana nuna saura da yawa. In ba ka ga haka ba, babu buƙata.

Ɗalibi daga hostel: Oga, cajar wayata mai bakin USB-C tana shiga laftop ɗina. Zan iya amfani da ita?

Injiniya mai gyara: Duba wat ɗin da aka rubuta a jikinta. Yawancin siraran laftop 45 ko 65 suke so. Ƙaramar caja ko ta ƙi yi gaba ɗaya, ko ka ga batir yana sauka alhali a jone yake, gudu ma ya ragu. Jabun caja kuwa ka guje ta ko kyauta aka ba ka. Kuma kowa ya buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin rubuta umarni na Windows, ya rubuta powercfg /batteryreport, zai ga ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu. Malama, ki yi yau ki adana, ranar da za ki nemi garanti zai yi miki amfani.

Malamar makaranta: Na yi, lambobin biyu kusan daidai suke. Gidanmu akwai sola, don haka na kunna Conservation Mode. Sai dai yanzu ta tsaya a 80, ta ƙi gaba.

Injiniya mai gyara: Daidai ke nan Malama, wasu ma a 60 suke tsayawa. Ranar da za ki yi tafiya ko za ki yini a aji babu soket, ki kashe shi tun da dare ta cika, in kin dawo ki mayar.