Hajiyarmu ta ce ta warke, ta ajiye maganin hawan jini

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hajiyarmu ce, shekararta 63, ta daɗe tana shan lisinopril saboda hawan jini. Wani busasshen tari ya sa ta gaba, da dare sai ta tashi zaune ta jingina da bango. Makon jiya aka auna ta aka samu 132/84, shi ke nan ta ce ta warke, ta cusa ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, ta koma zoɓo marar sukari da tafarnuwa. Na yi magana, ta ce yaushe na zama likita. Ni ma dai zuciyata ta fara rawa. Maganin nan da ba a daina shi, yana hana wani abu kuwa, ko lamba kawai yake saukarwa?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Zoɓo ba ƙarya ba ne, kakata ma shi take sha. Ki ƙyale ta.

Wani ma'aikacin jinya: A'a, kada ki ƙyale ta. 132 ɗin nan aikin maganin ne, in ya fita daga jikinta jinin zai koma inda yake. Zoɓo yana ɗan sauke jini, amma binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma lamba kawai aka auna. Magungunan asibiti kuwa an bi mutane shekaru ana ƙirga wanda ɓarin jikinsa ya shanye da wanda ya rasu. A binciken SPRINT na Amurka, 2015, mutum 9,361 aka raba biyu. Waɗanda aka nufi sauke nasu ƙasa da 120, mace-macensu ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan waɗanda aka tsaya musu a ƙasa da 140. Ba kyauta ba ne dai: an fi samun suma da matsalar ƙoda a cikinsu, kuma ba a sa masu ciwon suga ba.

Tarin kuma ba raki Hajiya take ba, halin lisinopril ne da danginsa. Akwai binciken CREOLE na 2019 da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru. Haɗin magungunan da ke da amlodipine, wani maganin hawan jini daban, ya fi haɗin da ba shi a ciki sauke jinin baƙar fata. Ku koma wurin likitanta ku faɗa masa tarin, shi zai canza. Kada ku canza a kemis.

Wani ɗan'uwa: Baba haka ya yi, wata uku lafiya lau. Ranar nan yana alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa. Yau da cokali muke ba shi koko. Sannan ku leƙa tukunya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa ga dunƙule, ga kanwa, ga yajin da aka daka da gishiri.

Wata uwa: 'Yata, ba da lambobi za ki je mata ba. Nemo yayanta ko wanda take jin nauyinsa. Kuma ki fara da tarin, ki ce za a nemo mata wanda zai bar ta ta yi barci.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ba Baba lafiya. Na kira Kawu, ya ce ranar Litinin shi zai kai ta da kansa. Ƙwayoyin ma na ciro su, zan sa masa a leda ya nuna wa likita.