Biyofim da Hausa: yana ce ko gansakuka?

Mai fassara: Likitoci, ana shirya bayanin rediyo kan sankarar baki don mutanen Damagaram, kalmar biyofim ta tsaya mini a wuya. In ce dattin haƙori?

Likitan haƙori: A'a Malam. Datti kurkura ke fitar da shi, wannan kuwa gini ne da ƙwayoyin bakteriya ke yi a jikin haƙori. Minti kaɗan bayan asuwaki miyau ke shafe haƙori, ƙwayoyin bakteriya irin su Streptococcus su fara mannewa, Fusobacterium nucleatum ta zama gada, sannan Porphyromonas gingivalis ta raɓe a ƙarƙashin dasashi inda iska ba ta kaiwa. Duk suna lulluɓe cikin yauƙin da suka fitar da kansu, shi ya sa magani ke wahalar ratsa su. Ni yana na zaɓa, irin ta kan kunu in ya huce.

Ma'aikaciyar laboratuwar: Likita, yanar kunu ba ta da rai. Ga yanar ido, ga yanar gizo, kaya sun yi wa kalmar yawa. Gansakuka fa, ta jikin randa? Tana da rai, ga santsi, sai an kankare, kwana biyu ta dawo. Kuma wannan rai shi ne maganar, don shi ke haɗa ta da sankara. Porphyromonas kan shige cikin ƙwayar fatar baki ta hana ta mutuwa lokacin da ya kamata. Sinadarinta gingipain kuma yana tayar da MMP-9, almakashin da ƙwayar sankara ke yanka nama da shi ta ƙetara gaba. Fusobacterium na da ƙugiya, FadA, mai kama E-cadherin, mannin da ke riƙe ƙwayoyin jikinmu da juna, ko da yake a sankarar hanji aka fi tabbatar da wannan.

Likitan haƙori: Hajiya, gansakuka koriya ce, ta baki fara-fara.

Ma'aikaciyar laboratuwar: A ce gansakukar baki, launi ba zai ruɗa kowa ba.

Likitan haƙori: To, na sallama. Amma Malam, kar a ce ita kaɗai ke kawo sankara. Taba, har ta gari da ake cusawa a leɓe, da giya su ne kan gaba. Wasu ƙwayoyin bakin ma juya giyar suke zuwa asetaldehid, sinadari mai lalata DNA, wato ƙwayoyin gado. A faɗa wa masu sauraro: gyambon baki ko farin tabo da ya wuce sati 3 bai warke ba, a kai likita a duba.

Mai fassara: Na rubuta gansakukar baki. Saura wadda ta daskare ta zama dutse, mai kamar ƙanzo a gindin haƙori.