Jan wuta daban, cin wuta daban: neman kalma ga wat da yunit

Jama'ar Jos, musamman masu aikin wayarin da malaman kimiyya, ina neman shawararku. Akwai abu biyu da muke cusawa cikin kalma ɗaya mu ce "ƙarfin wuta", kuma wannan cakuɗar tana jawo wa mutane asara a mita. Na farko shi ne abin da ake aunawa da wat, lambar nan da ke rubuce a gindin dutsen guga ko a bayan firij. Na biyu shi ne abin da mita ke ƙirgawa, wato yunit, wanda yake daidai da wat 1,000 na tsawon awa guda.

Aron kalmar Bature kai tsaye ba zai yi ba, don a bakin Bahaushe "pawa" fawa take komawa, fawa kuwa tana da masu ita. "Makamashi" ya yi faɗi, gidajen rediyo sun riga sun ɗora masa fetur da gas da hasken rana. "Ƙarfin wuta" ma yana da aikinsa: in mutumin Unguwar Rogo ya ce wuta ba ƙarfi, nufinsa ƙwan fitila ya dushe, fanka na juyawa da ƙyar, wato volt bai kai 230 ɗin da ya kamata ba. A bar wa volt wannan.

Ga abin da nake gani. Wat mu ce masa "jan wuta", yunit mu ce masa "cin wuta". Ba ni na ƙirƙiro su ba, suna bakin iyayenmu mata tuntuni. Abin da ya rage mu raba musu aiki. Ja shi ne yadda famfo ke zuba, ci shi ne abin da ya taru a bokiti.

Ku duba amfanin rabon. Dutsen guga mai jan wat 1,000, in aka yi guga na rabin awa, ya ci rabin yunit. Fankar sama mai jan wat 75 kowa na raina ta, amma in ta kwana tana juyawa awa 12 ta ci kusan yunit guda, ta fi dutsen gugan ke nan. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit ɗaya. Mai babban ja da babban ci a garin nan ita ce hitar ruwa, lokacin hunturun Disamba da Janairu da ba mai iya taɓa ruwan randa. Hita mai wat 1,500, in gida ya bar ta awa biyu ana dafa ruwan wanka bokiti bayan bokiti, yunit 3 ta tafi da su. A farashin Naira 225 kan kowane yunit da NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta amince wa 'yan rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, a Afrilun 2024, Naira 675 ke nan kafin a karya kumallo.

Wani dattijo mai gyaran janareta a Bauchi Road ya yi mini gyara, ya ce "jan wuta" na iya rikicewa da jawo waya daga fal zuwa gida, ya kawo "zuƙar wuta" a madadinsa. Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka mai ƙarfi ce, kuma zuƙa ta fi fito da hoton abin. Inda na tsaya shi ne, mai jawo waya "jawo" yake cewa, kuma kai kanka in ƙaramin janareta ya shaƙe don an jona masa dutsen guga, cewa kake yi dutsen ya fi ƙarfin abin da zai iya ja. Janareta da ja yake da magana, mita kuwa ci kawai take rubutawa.

Wata malamar firamare ta yi mini tambaya kan cin wutar firij. Yaya, firij jansa ba yawa, kuma injinsa yana kamawa yana saki, shi ya sa ba a ninka wat ɗinsa da awa 24. Amma in robar ƙofar ta saki, ko ana yawan buɗewa, injin ba ya hutawa, cinsa sai ya hau.

To, ni dai na tsaya kan ja da ci, zuƙa kuma ta zauna a gefe ga wanda ya fi son ta. Saura amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, ita har yanzu ba wanda ya kawo mata suna. Masu wayarin, muna sauraronku.