CDR3 ya yi daidai da na VDJdb, shin wannan ya isa hujja?

Ɗalibar Masta:
Assalamu alaikum malamai. An karanto jerin TCR (furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki na T ke gane cuta da shi, mai sarƙa biyu, alfa da beta) daga jinin mara lafiya, sarƙar beta kaɗai. Da aka gwama da VDJdb, ma'ajiyar TCR da aka san abin da suke ganewa, wasu CDR3 (ɓangaren TCR da ke taɓa abin da yake ganewa) sun zo daidai harafi da harafi da masu gane GILGFVFTL, wani peptaid (guntun furotin) na ƙwayar cutar mura. Za a iya rubuta cewa mura suke ganewa?

Dakta:
Wa alaikumus salam. Tukuna dai, Malama. Fara duba HLA ɗin mutumin, wato furotin da ke ɗaukar peptaid ya nuna wa TCR. GILGFVFTL a kan HLA-A*02:01 ake ɗora shi, in ba shi da wannan, dacewar ba ta da ƙarfi. Sannan ki duba ƙwayar gado (gene) ta V da ke cikin sarƙar: yawancin masu gane wannan peptaid TRBV19 ne, da "RS" a tsakiyar CDR3. In CDR3 ya dace amma V ya bambanta, ki ajiye shi gefe.

Babbar matsalar ita ce rashin sarƙar alfa. Beta ɗaya kan haɗu da alfa daban-daban, kowane haɗi ya kama abin da ya kama. Gajerun CDR3 kuma suna maimaituwa a jikin mutane da yawa saboda sauƙin haɗuwarsu, ba don cuta ɗaya ta kama su ba. Ki tace VDJdb da makin amincinsa, daga 0 zuwa 3; masu 0 ba abin dogaro ba ne.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne, Dakta. Manhajojin GLIPH2 da tcrdist3 tara TCR masu kama da juna suke yi, ba sa faɗin antijen, wato abin da TCR ɗin ke ganewa. Su NetTCR kuwa, manhajojin da ke hasashen ko TCR zai kama wani peptaid, suna ƙoƙari a peptaid da suka gani lokacin horo, amma a kan sabo, kusan canki-canka ne. VDJdb ta cika da A*02:01, irin su HLA-B*53 da ke da yawa a Afirka ta Yamma kaɗan ne a ciki.

Ɗalibar Masta:
To yaya ake tabbatarwa?

Dakta:
Ki ware ƙwayoyin T da tetrama (HLA huɗu a haɗe ɗauke da peptaid ɗin) mai launi biyu don rage manne-manne na ƙarya, a karanta su ɗaya-ɗaya a samu alfa da beta tare. A saka TCR ɗin cikin Jurkat (ƙwayar T ta ɗakin gwaji) marar nasa TCR, tare da CD8 (furotin da ke taya TCR kamawa), a haɗa da ƙwayoyin T2 (masu ɗauke da A*02:01) da aka ɗora wa peptaid, a kwana, a auna CD69, alamar cewa ƙwayar T ta farka. Dole a sa wani peptaid na daban gefe, kamar NLVPMVATV na ƙwayar cutar CMV. In shi ma ya tayar da CD69, gwajin ne ya lalace.